Zare: Shamuwar da ta isa Jamus da mashi a wuya, da baƙin da ke saukar mana a ƙarshen damina

1/ Jama'a, Agusta ya raba, marka ta kankama, gero ya fara fid da kai. A daidai wannan lokaci akwai baƙi a kan hanya daga Turai da Rasha, ba fasfo ba biza, wasunsu ma sun riga sun sauka a bakin kududdufin unguwarku. Yau tarihin yadda aka gano inda suke zuwa zan ba ku. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Mu fara da ta gida. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san shamuwa. Da an gan ta a kan tsamiya ko rimin tsakiyar gari, manomi ya fara duba garmarsa, don ya san ruwa ya kusa. Ba a jifanta, ba a taɓa sheƙarta. Yaron da ya gwada kuwa, zai ji a jikinsa wajen tsofaffi.

3/ Amma ina take tafiya idan kaka ta yi? Sai farkon shekarun 2000 wasu masu bincike 'yan Denmak suka ɗaura wa shamuwoyi na'urar tauraron ɗan'adam a Nijar, suka bi su. Gabas suke yi, sannan su gangara kudu, su ratsa Tanzaniya har ƙasashen kudancin Afirka. Wato damina suke bi. Idan tamu ta ƙare, ta can ta fara.

4/ Kakanninmu dai sun san tafiya take yi ta dawo. Turawa fa? Sun shafe kusan shekara dubu biyu suna gardama a kan inda nasu tsuntsayen ke ɓacewa idan sanyi ya shigo. Kuma amsoshin da manyan masanansu suka bayar sai kun riƙe ciki.

5/ Aristotil na Girka ya ce tsattsewa ɓuya take yi a rami ta yi barci har sanyi ya wuce. Ya kuma ce wasu tsuntsayen rikiɗa suke yi: wannan na bazara shi ne ke komawa wancan na hunturu. Dalilinsa? Idan ɗaya ya ɓace sai ɗayan ya bayyana. Shi ke nan hujja.

6/ A 1555 wani babban limamin coci ɗan Suwidin, Olaus Magnus, ya fitar da littafi har da zanen masunta suna jawo tsattsewa da koma daga ƙarƙashin ruwa. Wai a cikin laka suke kwana duk hunturu. Linnaeus kansa, mutumin da ya tsara yadda ake raɗa wa halittu sunan kimiyya, ya yarda da wannan magana.

7/ Gwarzon cikinsu shi ne Charles Morton, malami Bature da ya koyar a Harvard a ƙarshen ƙarni na 17. Shi ya ce duniyar wata suke tafiya. Eh, wata. Har ya yi lissafin kwanakin tafiyar. 😂

Amma mu yi masa adalci: aƙalla ya gane cewa tafiya ce mai nisa.

8/ Sai ranar 21 ga Mayu 1822. A kusa da wani gari mai suna Klütz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa, irin ta Turai, wadda ta fi tamu girma, mai jan baki da jan ƙafa. Aka duba, sai ga mashi ya huda wuyanta ya fito ta ɗaya gefen. Tsawonsa kimanin santimita 80.

9/ Mashin ba na Jamus ba ne, ba na ko'ina a Turai ba. Na Afirka ne. Wani maharbi a nahiyarmu ya jefe ta, bai kayar da ita ba, ta tashi da makaminsa a wuya, ta haye dubban kilomita har gida. Ta tsira daga maharbin Afirka, ta faɗa hannun na Jamus. Kwana ya ƙare ke nan.

10/ Har yau tana nan a busar a ɗakin adana dabbobi na Jami'ar Rostok, da mashin a wuyanta. Daga baya an samu irinta sama da ashirin. Ni abin da ke tsaya mini a rai shi ne maharbin nan. Ya koma gida yana takaicin asarar mashi, bai san ya aika wa masanan Turai hujjar da ta fi duk littattafansu ƙarfi ba.

11/ To amma ba za a zauna jiran mashi ba. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara yanka 'yan zobba na alminiyam, ya buga lamba da adireshi a jiki, ya sa wa tsuntsaye a ƙafa. Wanda duk ya tsinci tsuntsun sai ya rubuto wasiƙa. Dabarar ke nan, kuma har gobe da ita ake aiki.

12/ A Mayun 1911 aka sa wa wata tsattsewa zobe a Ingila. A Disambar 1912 aka kama ta a wata gona a Natal, Afirka ta Kudu. Maganar barci a cikin laka ta mutu murus.

13/ Yanzu mu dawo ƙasar Hausa. Masanan tsuntsaye na farko da suka zo nan daga Turai ba da madubin hangen nesa suka zo ba, da bindiga suka zo. Ernst Hartert, Bajamushe, ya ratsa Zariya da Kano da Sakkwato a 1885 zuwa 1886, tun Turawa ba su ci ƙasar ba. Ana harbo tsuntsu, a feɗe, a cusa auduga, a rubuta takarda a ɗaura masa a ƙafa, sai akwati.

14/ Boyd Alexander, sojan Ingila kuma mayen tsuntsaye, ya yi tafiya daga Neja zuwa Nilu tsakanin 1904 da 1907, ya daɗe yana fama da ciyayin Tafkin Chadi. Ƙanensa Claud ya mutu a hanya aka binne shi a Maifoni, wato Maiduguri. Shi ma da aka kashe shi a ƙasar Chadi a 1910, kusa da ƙanen aka kawo shi.

15/ Angus Buchanan kuma ya tashi daga Kano a kan raƙumi a 1920 ya nufi duwatsun Azbin, yana tara wa attajiri Rothschild tsuntsaye. Ku lura da abu ɗaya: tsuntsaye da yawa yau suna ɗauke da sunayen waɗannan mutane. Maharban da suka nuna musu wurin, da masu dakon akwatunan, da wuya ka ga sunan ɗayansu.

16/ Ko shamuwarmu ba ta tsira ba. Sunanta na kimiyya daga Abdim aka samo shi, wani gwamnan Turkawa a arewacin Sudan a shekarun 1820. Tsuntsuwar da ke kwana a kan tsamiyar gidan kakanka, da sunan wani gwamna duniya ta san ta.

17/ Kallon tsuntsaye a matsayin taro na masu sha'awa ya kafu a Najeriya ne a 1964, da aka buɗe ƙungiyar masana tsuntsaye ta ƙasa. Yawancinsu Turawa ne malaman jami'a da ma'aikatan kamfani: John Elgood a Ibadan, Hilary Fry a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya, Bob Sharland a Kano. Suna buga 'yar mujalla, kowa ya aiko da abin da ya gani da ranar da ya gan shi.

18/ Sharland ya yi shekaru yana kafa raga a Kano yana sa wa tsuntsaye zobe, musamman 'yar rawayan nan mai kaɗa wutsiya da ke bin ƙafar shanu. A 1979 ƙungiyar ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma gaba ɗaya, mujallar ta koma Malimbus.

Irin bayanan nan na "na ga kaza ranar kaza" kamar wasa ne, ko? Ku biyo ni ku ga ranarsu.

19/ A 1967 Fry da abokansa biyu suka kafa sansani a Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi. Tambayarsu: ta yaya tsuntsun da bai fi nauyin dunƙulen Maggi uku ko huɗu ba yake haye Sahara, tafiyar kusan kilomita 2,000 ba ruwa ba abinci? Suka riƙa kamawa suna aunawa a sikeli.

20/ Amsar ita ce kitse. Kafin su tashi sai su yi ta ci, wasu har su kusa ninka nauyinsu, kitsen nan shi ne man tafiya. A bakin tafkin, cikin abin da suke ci har da 'ya'yan itacen asuwaki, wanda muke goge haƙora da shi. Ƙananan kan tashi da dare, rana ta yi su laɓe a inuwar dutse ko ɗan kurmi, magariba ta yi su ci gaba.

21/ Nawa ne ke zuwa? Reg Moreau, a littafinsa da ya fito a 1972 bayan rasuwarsa, ya ƙiyasta biliyan 5 ke shigowa Afirka duk shekara. Wani lissafi na 2009 da ya taƙaita ga ƙananan tsuntsayen Turai ya ba da biliyan 2.1. Ko wanne ka ɗauka, wurin da suka fara samun kore bayan hamada shi ne namu: Sahel.

22/ Ga inda labarin ya fi taɓa ni. Bazarar 1969, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila, 'yan sa-kai da ke zagaya gonaki iri ɗaya duk shekara, suka ga wani abu. Wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda a da ba shingen da babu ita, ta yi ɓatan dabo. Kusan kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba.

23/ Aka zargi maganin feshi, aka zargi cuta, aka zargi guguwa. Sai 1974 wasu masana uku suka haɗa lissafin da na ruwan sama, suka ga amsar tana Sahel. Daminar 1968 ta gaza a yankinmu. Tsuntsayen sun iso a gajiye sun tarar da ƙasa a bushe, ba ƙwari, ba 'ya'yan itace. Waɗanda suka rayu ba su tara kitsen komawa ba.

24/ Ku tsaya ku auna. Farin nan shi ne ya ci gaba har ya zama yunwar 1973, wadda ta ƙarar da shanun Fulani da Buzaye, ta tashi garuruwa a Nijar da arewacin Najeriya. Ku tambayi duk dattijon da ya haura sittin. Shekara huɗu kafin duniya ta fara aiko da buhunan agaji, littafin masu kallon tsuntsaye a Ingila ya riga ya nuna akwai matsala a nan.

25/ Haka aka sake yi a farin 1984, wanda a Nijar ake kira El Buhari. Wata ƙaramar tsattsewa mai gina rami a gaɓar kogi ta ragu ƙwarai a Turai. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma. Malam Fatori da ke bakin ruwa ta wayi gari ruwan ya yi mata nisa.

26/ Daga nan ne Turawa suka gane cewa kare tsuntsu a Holan ko Ingila aikin banza ne idan masaukinsa na nan ya lalace. Idonsu ya faɗa kan fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa su zama tafkuna kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe.

27/ Wanda bai taɓa zuwa ba, wallahi ya yi ƙoƙari. Lokacin sanyi za ka ga kirinjijiya da ɗinya na gida, ga agwagin Turai da Rasha dubbai, ga zalɓe, ga jinjimi, ga tsuntsayen bakin ruwa masu dogon ƙafa suna tashi kamar hayaƙi daga gonakin shinkafa. A 1987 aka fara shirin kare fadamar. A 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona da kansa.

28/ A 2000 Tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu. Baturiya ta biyo baya a 2008. A 2020 UNESCO ta sa yankin Haɗeja, Nguru da Bade cikin jerinta. A takarda dai ba abin da fadamar nan ta rasa.

29/ A ƙasa kuwa ruwa ta rasa. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ba na cikin masu zagin Tiga, Kano na shan ruwanta, shinkafa da tumatirin Kadawa da Kura daga ita suke. Amma ambaliyar da ke zuwa da lokaci ta tafi da lokaci, ita ce ran fadama, kuma ita aka kashe.

30/ Ruwa ya koma yana gudu kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da kacalla ke so ke nan. Ciyawar ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Wani gari ruwa ya ci shi, na gaba kuma ya bushe. Kuma cikin kacallar nan jan baki ke kwana, ya fito da safe ya far wa shinkafa da gero.

31/ Shi ya sa idan ka ce wa manomin Guri ko Nguru "kare tsuntsaye", kallon da zai yi maka daban ne, kuma yana da gaskiya. Yaransa tun asuba suna kan rumfa suna jan igiyar gwangwani. Sai dai jan baki ɗan gida ne, ba daga Turai ya zo ba. Baƙin da yawa ƙwari suke ci. Ita farar shamuwa da tamu, fara ce abincinsu.

32/ Tun farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki suka auna, suka ga kowane ma'aunin ruwa da aka bari ya isa fadamar yana ba da amfani, kifi da noma da itace, fiye da wanda aka tare don noman rani a sama. Abin da agwagwar Rasha ke bukata shi ne abin da masuncin Bade ke bukata. An san wannan shekara talatin ke nan.

33/ A can Turai, wannan watan biki ne. A Falsterbo, ƙarshen kudancin Suwidin, tun 1973 ake tsayawa kullum daga Agusta ana ƙirga masu wucewa. A Tarifa ta Sifen mutane na cika tudu suna kallon shamuwa da shirwa na haye kilomita 14 na teku zuwa Maroko. A Batumi ta Jojiya, tun 2008 'yan sa-kai ke ƙirga shaho da danginsa, sama da miliyan a kaka ɗaya.

34/ A Ingila kuma daga 1989 aka riƙa yin kasuwar baje kolin masu kallon tsuntsaye a Rutland duk Agusta, mutum sama da dubu ashirin, kuɗin ƙofa ya tafi aikin kare tsuntsaye. Suna taruwa su yi wa tsuntsaye rakiya. Mu da ake saukar wa baƙin, da wuya ka samu mai yi musu sannu da zuwa.

35/ Yanzu zobe ya samu ƙani, na'urar bin sawu, kuma ta zo da nata rikicin. A 2013 aka tsare wata farar shamuwa a ofishin 'yan sanda a Masar, wai 'yar leƙen asiri ce saboda na'urar da ke bayanta. Aka gane ta masu bincike ce aka sake ta. Ba a jima ba wasu suka kama ta suka cinye.

36/ A 2018 wata ƙungiya a Foland ta rasa shamuwarta a yankin Shuɗin Nilu a Sudan. Bayan makonni sai ga takardar kuɗin waya, sama da dala 2,500. Wani bawan Allah ya tsinci na'urar, ya zare layin ya sa a wayarsa, ya yi kiran awa 20. Ɗan uwan maharbin 1822 ke nan, zamani ne kawai ya canja. 😭

37/ Abin da ya sauya a wajenmu shi ne su wa ke riƙe da madubin. A farkon shekarun 2000 aka buɗe cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, tare da Jami'ar Jos da mutanen Laminga. Ta yaye 'yan Najeriya da sauran 'yan Afirka ta Yamma masu digiri na biyu a wannan fanni. Yau su ne malaman.

38/ Daga can aka fara shirin taswirar tsuntsayen Najeriya a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye 9 a kwance. Ka shiga gida ɗaya, ka yi aƙalla awa biyu, ka rubuta duk tsuntsun da ka gani ko ka ji a manhajar BirdLasser. Akwai tawagar Arewa, yawanci ɗalibai, da ke haɗa kuɗin mota su fita tare.

39/ Ba ko'ina ake iya zuwa ba, wannan kowa ya sani. An koma sa zobe a Malam Fatori a ƙarshen shekarun 1990, yau kuwa rikicin Boko Haram ya rufe wannan babin. Dazukan Zamfara da Birnin Gwari ma haka. Mutum da madubin hangen nesa da littafi a bakin daji, sai ya fara gaida mai unguwa ya yi bayani, in ba haka ba ya zama shamuwar Masar.

40/ Kuma ba baƙi kaɗai ke raguwa ba. Yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? A 2015 aka sa ta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya. Gauraka da ake ce wa tsuntsuwar ƙasa, samun ta a dajin Najeriya yau sai an sha wuya. Yara da yawa a karin magana kawai suka san burtu da borin tinke.

41/ Nan ne nake ganin muna da aikin da Bature ba zai iya yi mana ba: sunaye. Idan mun fita, littafin da ke hannunmu na Turanci ne, amma tsohon da ke gyaran koma a bakin ruwa yana da sunan kusan kowane tsuntsu, da watan zuwansa, da abin da yake ci. Sunan Haɗeja daban, na Katsina daban, na Damagaram daban. Ni duk fita sai na tambaya na rubuta.

42/ Abin da za ku iya gani daga yanzu zuwa Oktoba, ba sai da madubi ba: a bakin kududdufi ko dam, ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa da farin ciki yana tafiya yana rausaya gindi, daga Turai ko Rasha yake, kuma yana cikin na farkon isowa. Tsattsewa mai dogon reshen wutsiya da jan maƙogwaro a kan wayar lantarki. Shamuwa na taruwa garke-garke tana shirin barinmu. Sai 'yar rawayan nan a ƙafar shanu, ita sai wajen ƙarshen Satumba.

43/ Ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya sau biyu ake yinta, Asabar ta biyu a Mayu da Asabar ta biyu a Oktoba. Ta Oktoba ita ce tamu, lokacin baƙin sun cika gari.

44/ In kuma kun ci karo da tsuntsu mai zobe, a raga ko a kasuwa ko a mace, kada a jefar kuma kada a maƙala a maɓallin mota. A ɗauki hoton zoben ta kowane gefe yadda lamba da sunan garin da ke jiki za su fito, a rubuta rana da sunan ƙauyen, a tura wa cibiyar Jos ko a ajiye mini a ƙarƙashin zaren nan in tura. Ofishin da ya sa zoben kan aiko da amsa: inda aka sa shi, da ranar, da kilomita nawa tsuntsun ya yi kafin ya iso hannunku.